Tara da Kwaɗo: Yadda Niyok Ta Yi Fama da Shagunan Wiwi Marasa Lasisi

A shekarar 2023, wanda ya bi titin Broadway a tsakiyar Manhattan da yamma ba sai ya tambayi kowa inda ake sayar da tabar wiwi ba. Shagunan suna nan birjik, kowanne da koriyar fitila mai siffar ganye a jikin gilashi, ƙofa a buɗe, wari yana tarbar mutum tun daga bakin titi. A ciki an jera kwalabe da ƙananan ledoji masu ƙyalli. Wasu an yi musu launi da zane irin na alewar yara, wasu kuma suna ɗauke da tambarin jihar Kalifoniya da ke can ɗaya ƙarshen Amurka. Yaron shago zai karɓi kuɗi hannu ya miƙo kaya, sau da yawa ba tare da ya nemi katin shaidar shekaru ba. Baƙo zai rantse halastaccen kasuwanci ne. Abin da ba zai gani a ƙofar ba shi ne 'yar takardar nan mai lambar QR da hukuma ke liƙa wa shagon da ta ba lasisi. A ƙarshen wannan shekara, shaguna masu takardar a duk faɗin jihar Niyok kusan 40 ne kacal. Marasa ita kuwa, a cikin birnin Niyok kaɗai, ofishin sherif ya ƙiyasta sun kai 1,400 tun farkon shekarar, kuma kafin tsakiyar 2024 jami'ai suna maganar kusan ninki biyu na hakan.

Gara in faɗi matsayina tun yanzu. Ba na cikin masu ganin halasta shan wiwi alheri ne, kuma na ga yadda ta lalata samarin da na sani. Amma tambayar da ke gabana ta shari'a ce: idan gwamnati ta riga ta halasta abu ta kuma ce sai da lasisi, da wace sanda za ta kori wanda ya ƙi bin layi? Abin da nake so in tabbatar shi ne, tara ita ce sandar da ta dace, amma Niyok ta ɗaga ta kafin ta buɗe ƙofar halas yadda ya kamata, da ta ga ba ta ci ba kuma sai ta koma ga kwaɗo, wanda ya yi aiki amma ya taɓa haƙƙin da bai kamata a taɓa ba, wato a saurari mutum kafin a raba shi da hanyar abincinsa.

A tsarin shari'ar Amurka, kamar namu na Najeriya, akwai shari'ar laifi akwai ta madaniyya. A ta farko gwamnati na neman a ɗaure mutum, don haka an kewaye shi da kariya: lauya ko da ba shi da kuɗi, masu taya alƙali yanke hukunci, da sharaɗin a tabbatar da laifi har sai babu sauran shakka. A ta biyu kuɗi ko dukiya ake nema, hujjar da ta fi rinjaye ta wadatar, kuma sau da yawa ba a zuwa kotu ma, jami'in sauraron ƙara na wata hukuma ne ke zama. Tarar madaniyya ba ta bar wa mutum tabon tsohon mai laifi. Wannan ne ya sa Niyok ta rungume ta, kuma dalilinta mai nauyi ne. Tun 1977 jihar ta cire riƙe 'yar wiwi kaɗan daga jerin laifuffuka matuƙar ba a bainar jama'a ba ne, amma 'yan sanda suka riƙa tare samari a titi su ce a fito da abin da ke aljihu, da an fito da shi kuma ya zama a bainar jama'a. A 2011 kaɗai an kama mutum fiye da 50,000 a birnin kan riƙe wiwi, mafi yawansu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, alhali bincike ya sha nuna fararen fata ba su gaza su sha ba. Wanda aka kama yakan rasa aiki, ko gidan gwamnati, ko takardar zama. 'Yan majalisar da suka rubuta dokar halastawa, irin su Crystal Peoples-Stokes da Liz Krueger, ba su so a sake cika kurkuku da 'ya'yan unguwannin nan da sunan kare sabuwar kasuwa.

Gwamna Andrew Cuomo ya sa wa dokar hannu ranar 31 ga Maris, 2021. Daga ranar, duk wanda ya kai shekara 21 yana iya riƙe oza 3 ya kuma sha a duk inda aka yarda a sha taba sigari. Shagon farko mai lasisi, na ƙungiyar agaji ta Housing Works, bai buɗe ba sai 29 ga Disamba, 2022. Wata 21 ke nan ana da 'yancin saye babu halastaccen mai sayarwa, a birni mai mutum fiye da miliyan 8. Duk wanda ya san kasuwa ya san ba a barin irin wannan gurbi fanko.

Jinkirin yana da tushe. Cuomo bai naɗa shugabannin hukumar kula da harkar ba har ya sauka a Agustan 2021, sai Kathy Hochul ce ta naɗa su bayan ta hau. Sannan jihar ta yanke cewa lasisin farko na waɗanda aka taɓa hukuntawa kan wiwi ne, su ko danginsu na kusa, tare da alkawarin asusun dala miliyan 200 da zai nemo musu shaguna ya gyara. Niyya ce mai kyau, ina kuma girmama ta. Sai dai kuɗin bai taru a kan lokaci ba, kuma waɗanda aka bari a baya suka garzaya kotu. A Nuwamban 2022 wata kotun tarayya ta dakatar da bayar da lasisi a yankuna 5 na jihar. A Agustan 2023 wasu tsofaffin sojoji masu nakasa suka sami umarnin da ya tsayar da shirin gaba ɗaya har kusan ƙarshen shekara. Manoman da aka ba izinin shuka tun 2022 suka girbe, kaya ya yi ta bushewa a rumbu babu inda za a kai shi. Mai lasisi yana biyan hayar shagon da bai buɗe ba, maƙwabcinsa marar lasisi yana ƙirga ciniki.

A wannan tsakanin ne dabarar "kyauta" ta yi tashe. Dokar ta yarda babba ya ba babba wiwi kyauta. Sai mai shago ya ajiye 'yar sitika ko wani hoto a kan kanta ya sa mata dala 40. Mai saye ya biya kuɗin sitikar, a haɗa masa da ƙullin wiwi a ce kyauta ce. Wasu suka ce su kulob ne, kuɗin shiga kawai suke karɓa. Wasu suka ce shawara suke sayarwa. Hukuma ta aika wasiƙun gargaɗi a 2022, mafi yawan masu shagunan suka yi kunnen uwar shegu, domin dokar 2021 ba ta ba hukumar wani haƙorin kirki ba.

An sa mata haƙoran a watan Mayun 2023: tarar dala 10,000 a kowace rana ga shago marar lasisi, har zuwa 20,000 ga wanda ya ci gaba bayan an hana shi. A takarda wannan ya isa ya durƙusar da kowa. Amma a farkon 2024 jaridar The City ta bayyana cewa daga tarar fiye da dala miliyan 25 da jihar ta yanka, abin da ya shigo hannu dala 22,500 ne. Ko kashi 1 cikin 1,000 bai kai ba.

A nan ya kamata a tsaya a yi nazari, don wannan gazawa ba ta Niyok ce kaɗai ba. Masanin tattalin arziki Gary Becker ya nuna tun 1968 cewa mai niyyar karya doka ba girman hukunci kaɗai yake aunawa ba, yana auna shi ne tare da yiwuwar a kama shi. Ni zan ƙara mataki na uku, wato yiwuwar a karɓi kuɗin bayan an yanka. Sufetocin jihar ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da yawan shagunan. Wanda aka kama yana da damar a saurare shi, kuma a Oktoban 2023 hukumar ta dakatar da zaman sauraron ma ɗungurungum saboda ƙarancin ma'aikata. Idan an kai ga yanke tara, a kan wa aka yanke ta? A kan kamfanin da aka yi wa rajista jiya, wanda ba shi da asusun banki mai kuɗi, ba shi da fili, ba shi da komai sai kanta da fitila. Cinikin na kuɗi hannu ne. Wanda sufeto ya tarar a shago yaro ne ɗan albashin yini, sau da yawa baƙon haure, wanda bai ma san cikakken sunan maigidansa ba. A ƙwace kaya da rana, a liƙa takardar gargaɗi a ƙofa, kafin magariba an kankare takardar ko an rufe ta da talla, wata mota ta sauke sabon kaya. Tara a irin wannan hali ta zama ɗaya daga cikin kuɗaɗen gudanar da shago, kuma ma wadda ba dole a biya ba.

Inda tarar ta ci, an sami mutum mai suna da adireshi da dukiya. A Mayun 2024 babbar lauyar jihar, Letitia James, ta sami hukuncin dala miliyan 15.2 a kan mai jerin shagunan I'm Stuck a ƙananan hukumomin Wayne, Cayuga da Oswego, wanda ya dage cewa shi mai ba da shawara ne. Shari'ar ta ɗauki watanni da lauyoyi masu yawa, a kan mutum guda. Ba za a yi wa shaguna dubbai haka ba.

Saboda haka a kasafin Afrilun 2024 majalisar jihar ta ba ƙananan hukumomi ikon garƙame shago nan take, kuma a farkon Mayu magajin gari Eric Adams ya ƙaddamar da samamen da ya kira Operation Padlock to Protect, ƙarƙashin sherif Anthony Miranda, wanda asalin aikin ofishinsa zartar da umarnin kotu ne. Idan aka tarar ana sayar wa yara, ko kayan ba su bi gwaji da lakabin jihar ba, ko shagon yana kusa da makaranta ko wurin ibada, sai a kwashe kaya, a sauke ƙofar ƙarfe, a ɗana kwaɗo, har tsawon shekara guda. Kafin ƙarshen Agusta birnin ya ce ya rufe fiye da 1,000. Masu lasisi suka ce cinikinsu ya tashi, kuma kafin 2024 ta ƙare jimlar halastaccen ciniki tun farawa ta haye dala biliyan 1. Ba zan rage wa wannan nasara komai ba. Haɗarin ma na gaske ne: wani gwaji da ƙungiyar kamfanonin wiwi na magani ta sa aka yi a 2022 kan kayan shaguna 20 marasa lasisi ya sami ƙwayoyin cuta irin su salmonela da ƙarafa masu guba a kusan kashi 40 cikin 100. Ƙungiyar tana da muradinta a cikin maganar, amma uwar da ɗanta ya ci alewar wiwi yana zaton ta kanti ce ba ruwanta da wanda ya biya kuɗin gwaji.

Kwaɗo ya yi nasara inda tara ta gaza saboda ba ya buƙatar a nemo kowa. Ginin ba ya gudu. Amma wannan ƙarfin nasa shi ne kuma haɗarinsa. Dubi yadda aka tsara sauraron: bayan an rufe, mai shago yana da damar zuwa gaban jami'in sauraron ƙara na birnin cikin 'yan kwanaki. Jami'in ya saurara, ya duba hujja, sannan ya ba da shawara. Hukuncin ƙarshe yana hannun sherif, wato wanda ya ɗana kwaɗon tun farko. An sami shagunan da jami'in ya ce a buɗe, sherif ya ce a'a. Ɗaya daga cikinsu, Cloud Corner a gundumar Queens, ya kai ƙara, kuma a Oktoban 2024 alƙali Kevin Kerrigan ya yanke cewa tsarin ya saɓa wa kundin mulki, domin sauraron da mai ƙara zai iya watsar da sakamakonsa ba sauraro ba ne. Birnin ya ɗaukaka ƙara ya ci gaba da aiki. Kafin nan, a watan Yuli, wani alƙalin tarayya, Paul Oetken, ya ƙi dakatar da samamen a ƙarar da gungun masu shaguna suka shigar, bisa ganin cewa kare lafiyar jama'a ya rinjayi ɗan jinkirin sauraro. Alƙalan biyu ba lallai suna karo da juna ba ne. Ma'aunin da Kotun Ƙolin Amurka ta kafa a shari'ar Mathews da Eldridge a 1976 ya ce a auna abu uku: girman abin da mutum zai rasa, yiwuwar kuskure, da muradin gwamnati. Wannan ma'auni yana iya yarda a rufe kafin a saurara idan akwai haɗari na gaggawa. Abin da ba na ganin zai iya ɗauka shi ne mai kamu ya zama shi ne alƙali.

Za a ce ai waɗannan masu karya doka ne, me ya kawo kuka a kansu? Amsa ta farko, ba duka ba ne. Akwai kantunan unguwa da ke sayar da burodi da madara da sigari, aka tarar da ɗan kaya a ƙarƙashin kanta, kuma dokar da kanta ta ce ba a rufe wurin da haramtaccen cinikin ɗan ƙaramin yanki ne na harkarsa. Wa zai tantance hakan idan ba mai sauraro mai zaman kansa ba? Amsa ta biyu ta fi zurfi. Rufe shago shekara guda alhali haya tana tafiya ya fi wata 3 a kurkuku ɗaci ga mutane da yawa. Idan gwamnati tana iya yin wannan ta hanyar kiran sa "madaniyya" kawai, to ta sami hanyar hukunta mutum ba tare da kariyar shari'ar laifi ba. Kotun Ƙoli a shari'ar Hudson ta 1997 ta ce sunan da majalisa ta ba hukunci shi za a bi, sai in an kawo hujja bayyananniya cewa azaba ce aka sauya wa riga, kuma da wuya a cika wannan sharaɗi. Amma a shari'ar Timbs ta 2019, inda jihar Indiyana ta ƙwace motar dala 42,000 a kan laifin da mafi girman tararsa 10,000 ce, kotun ta tabbatar cewa haramcin tara mai wuce kima ya hau kan jihohi ma. Abin da ya fi damuna shi ne, jihar da ta guje wa shari'ar laifi don tausayin talaka tana iya ƙarewa da tsarin da talakan ba shi da ko lauyan gwamnati a cikinsa.

Akwai wanda ya fi yaron shago cancantar a matsa wa, kuma ba ya ɓuya: mai ginin. Sunansa yana rajistar filaye, yana da asusu, kuma ya san abin da ɗan hayarsa yake sayarwa, tunda fitilar ganye tana haska ƙofarsa kowane dare. Bayan annobar korona shaguna da yawa sun zauna babu kowa, masu wiwi kuma suna biyan haya mai tsoka. Babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Alvin Bragg, ya fara bin wannan hanya a Fabrairun 2023 da wasiƙu ga shaguna fiye da 400 yana gargaɗin za a nemi a tashe su, kuma dokar 2024 ta sa tarar dala 50,000 a kan mai gini a birnin da aka sanar da shi ya ƙi ɗaukar mataki. Wannan tara ce da za a iya karɓa, don haka ita ce za a ji tsoro. Kalifoniya, wadda ta fara halastaccen ciniki ranar 1 ga Janairu, 2018, ta bi irin wannan sawu: birnin Los Angeles ya amince a 2019 a yanke wa irin waɗannan shaguna wuta da ruwa, kuma a 2021 jihar ta sa tarar da ta kai dala 30,000 a rana ga masu taimaka musu.

Duk da haka kasuwar bayan fage ba ta mutu a Kalifoniya ba, kuma dalilin yana koya mana iyakar kowace irin sanda. Fiye da rabin birane da ƙananan hukumomin jihar sun hana buɗe halastattun shaguna a yankunansu, mai saye a can ba shi da zaɓi. Sannan ga farashi. Mai lasisi a Niyok yana ɗora harajin kashi 13 cikin 100 a kan kowane ciniki, yana biyan gwaji da tsaro. A duk shekarun da nake magana a kansu dokar tarayya ta 1970 tana lissafa wiwi a rukunin ƙwayoyi mafi haramci, don haka manyan bankuna suna gudunsa, kuma sashe na 280E na dokar haraji ya hana shi cire kuɗin haya da albashi kafin a lissafa masa haraji. Marar lasisi bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan aka rufe masa ƙofa sai ya koma kai wa mutane gida, da waya da keke.

A gida Najeriya kuwa, wiwi haramtacciya ce, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta hanyar shari'ar laifi take bin ta. Gana ce a yankinmu ta buɗe 'yar ƙofa, don masana'antu da magani kawai, ga irin da sinadarin sa maye a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Kotun Ƙolinta ta soke sashen dokar da ya ba da wannan dama a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta maido da shi a 2023. Amma kwaɗon hukuma a ƙofar shago ba baƙonmu ba ne. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna sun garƙame shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari, Kano. Abin lura shi ne jerin matakan: an riga an gina cibiyar dillancin magunguna a Dangwauro inda ake so su koma, an yi shari'a a Babbar Kotun Tarayya aka yanke, sannan kwaɗo ya biyo baya. 'Yan kasuwar sun yi ta ƙorafi, kuma ba duk ƙorafin ne na banza ba, amma an nuna musu inda za su, kuma alƙali ne ya yi magana kafin maƙulli ya juya.

Gyaran da Niyok ke buƙata ba mai tsada ba ne. A mayar da shawarar jami'in sauraro ta zama hukunci mai ɗaure sherif, idan sherif bai gamsu ba shi ma ya tafi kotu kamar kowa. Shagunan da hujja ta tabbata a kansu, waɗanda su ne mafi yawa, za su ci gaba da zama a rufe, kantin burodin da aka haɗa da su bisa kuskure kuma ya buɗe cikin mako. Umarnin rufewa na shekara guda ne, waɗanda aka ɗana a Mayun 2024 sun fara cika wa'adi a Mayun 2025, kuma daga ranar da aka cire kwaɗo, mai ginin ne zai zaɓi wanda zai ba maƙulli.